Irin Albasar Inna Asibi

Duk wanda ya san Yusha'u na Tungar Faru ya san shi da abu biyu, albasa da lissafi. Albasar gado ce. Lissafin kuwa shi ya koya wa kansa, kuma da ana cire wa mutum hali kamar yadda ake cire haƙori, da shi ya kamata a cire masa tun yana saurayi. Ba mugu ba ne. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ba a kuma taɓa ganinsa da maƙwabci a gaban hakimi ba. Mutum ne dai da ba ya iya haɗiye tuwon yau sai ya san inda na baɗi zai fito.

A gungu aka haife shi, wato ɗaya daga cikin tsibiran da ke tsakiyar kogin Kwara a ƙasar Yauri, tun kogin yana tafiyarsa ba a yi masa ƙofa ba. Ubansa masunci ne, ya rasu Yusha'u bai fi tsayin turmi ba. Uwarsa Asibi ce ta raine shi, da albasa ta rufa musu asiri. Fangullan da take shuka albasar suna bakin gaɓa, ruwa yana nan kusa, ƙwarya kawai za ka miƙa ka ɗebo ka watsa.

Mutanen gungu sun san kogi yana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, na damina, mai laka da hayaniya. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tahowa daga ƙasashen yamma masu nisa, ya iso da sanyi bayan sama ta daɗe da ɗauke ƙafa, garau da shi, ba ya ko motsin kirki. Yakan hau gaɓa, ya taɓa gindin fangullan da suka fi kusa da shi, ya yi 'yan kwanaki, ya ja da baya. Asibi takan ce baƙin ruwa baƙo ne, ba a gudunsa, gaisawa ake yi ya wuce. Yusha'u da nono ya sha wannan magana.

Yana saurayi aka gama madatsar Kainji, kogi ya zama tafki, aka kwashe Gungawa zuwa gidajen siminti a kan tudu. Ranar tashi kowa da abin da ya rungume. Asibi ta bar turminta, ta bar randar da uwarta ta ba ta saboda jirgi ya cika, amma ta ɗaure wani ɗan gora a ƙugu a ƙarƙashin zane, ba ta yarda kowa ya matse ta ba har suka sauka. Irin albasa ne a ciki, gauraye da toka.

In ba manomi ba, ba kowa ya san irin albasa ba ya ajiyuwa ba. Gero ka zuba a rumbu ya daɗe, ka ɗebo ka shuka ya tsiro. Irin albasa kuwa da ya zagayo shekara ya wuce, ya mutu, ko a akwatin ƙarfe ka kulle shi. Dole kowace shekara a zaɓi uwaye masu kyau daga albasar bara, a binne su, a yi ta ba su ruwa har su yi kara su fitar da farin fure, a yanka a shanya a murje. Aka yi sake shekara ɗaya, an yanke zuri'a ke nan. Da haka albasar Asibi ta taho hannu da hannu, daga kakarta zuwa uwarta zuwa ita.

Ba wata babbar albasa ba ce. Ja ce mai duhu, wuyanta siriri, ƙwarai take da yaji, guda ɗaya ta isa miyar gida. Abin da ya bambanta ta shi ne haƙuri. Sauran albasa da damina ta yi nisa sai su fara ruwa suna wari a rumbu, ita kuwa tana nan daram har kaka. Kowace shekara in Asibi ta murje iri, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, matan tunga da na tungayen kusa su zo da tsummokara, ta dinga ƙulla wa kowa nata. Yusha'u yakan tsaya yana kallo ransa na suya.

“Inna, abin ga wahala munka sha kansa hwa.”

“Iri hannu guda ba iri na ba, ɗana,” in ji ta. “In naka ya mutu, ƙohwar wa za ka tahi?”

Shi kuwa a zuci yana ƙirga abin da ya fita.

Sabuwar gonar da aka ba su tana kan tudu, ruwa yana can ƙasa. Matarsa Delu ita ta san nisan, don wuyanta ne ya auna shi. Shekara da shekaru ita da surukarta suna hawa da sauka da ƙwarya a ka, har tafiyar Delu ta canza, ta koma tana dafa ƙugu in za ta miƙe. Wannan abu ya tsaya wa Yusha'u a rai. Ya yi ta ƙulle-ƙulle da hana kansa, har ranar da ya sauko daga motar Yelwa da injin ban-ruwa da nadin tiyo. Da ruwa ya fara feshi a kan tudu yara suka yi ta tsalle a ciki. Shi kuwa sai ya je ya ɗauko ƙwaryar Delu ya kife ta a kan rumfa, ya ce muddin yana numfashi ba za ta ƙara hawa tudun nan da ruwa a ka ba. A wannan kam ba wanda zai ce bai yi halin maza ba. A duk rayuwarsa ba abin da yake tunawa ya ji daɗi kamar wannan rana.

Asibi ta rasu a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Kafin ta kwanta ciwo ta fafe wani ɗan gora, ta yi masa zane da wuƙa mai zafi, ta yi masa murfi da totuwa, ta ba jikarta Rahila, wadda ita ce babbar 'yar Yusha'u kuma 'yar ɗakin kakarta. Al'adar gidan ce, mace in za ta yi aure a cika mata gora da iri ta tafi da shi. Tsohuwa ta ce wa yarinyar ta adana, ranar tafiya ubanta zai cika mata.

Da lokacin murzar iri ya zo, mata suka zo kamar yadda suka saba, suka tarar ba tabarma a ƙofar gida. Yusha'u ya fito ya gaishe su da ladabi, ya ce bana iri bai yi auki ba, sai dai baɗi. Da baɗi ta zo ya sake cewa baɗi. Gaskiyar maganar ita ce fataken kudu sun gano albasar da ke kaiwa kaka ba ta ruɓe ba, suna biyo ta har gida lokacin da kasuwa ta bushe, shi kuwa ya ga bai dace ya raba wa mutane abin da zai sa su yi gasa da shi ba. Matan ba su yi masa baki a gabansa ba. Sun dai koma suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Yawancinsu dama ba sa fitar da nasu iri, na Asibi suke jira, sai suka koma sayen na kasuwa. Ba a jima ba albasar gungu ta zama a gonar mutum ɗaya take.

Sai man fetur ya fara tashi. A ƙarshen 1993 galan ɗin da Yusha'u ke saye da canjin aljihu ya koma sai ya tsaya ya yi tunani. Gonarsa kuwa a kan tudu, tiyo dogo, inji sai ya yi ta gurnani kafin ruwa ya hau. Wasu manoma suka ce abin zai sauka, gwamnati ce, gobe ta canza magana. Yusha'u ya ce bai taɓa ganin abin da ya hau a ƙasar nan ya sauko ba sai ruwan tafki. A nan ma ya fi su gaskiya, kuma wannan ne abin baƙin cikin labarinsa: kusan duk lissafinsa daidai ne.

Delu tana da ƙane, Philip, malamin makaranta a Yelwa. Ita Musulma ce shi Kirista, kamar yadda ake samu a gidaje da yawa a wannan yanki. Da salla yakan zo cin nama, da Kirsimeti ya zo musu da shinkafa. Mai karance-karance ne, kuma ba ya ganin mijin yayarsa bai tsokane shi ba. A Kirsimetin wannan shekara ya tarar da Yusha'u a gindin mangwaro yana girgiza jarka yana saurare.

“Maigida, komi ka girgiza ta ba ta haihuwa.”

“Kai da ba ka da inji sai na baki, mi kas sani?”

Philip ya yi dariya ya zauna. Ya ce ya karanta cewa akwai ƙasashen da suka huta da wannan fargaba. Can ƙarƙashin ƙasa akwai zafi, sai su haƙa rami mai zurfin gaske har su kai ga tururi, tururin ya juya musu inji ya ba su wuta. Haƙar ce tsada, tana cin dukiya ba kaɗan ba, amma in an gama an gama, ƙasa ba ta ƙara wa kowa farashi.

Yusha'u ya ajiye jarka. “Wato a sha wuya sau guda, daɗa a huta?”

“Haka na. Amma hwa sai sun daɗe suna awo kahin su sa ƙarhe ƙasa. Kada in ji ka tona ɗakin yayata kana biɗar tururi.”

Aka yi dariya aka ci shinkafa. Philip ya koma Yelwa ya manta da zancen. Yusha'u bai manta ba, sai dai rabin farko ya riƙe, ya bar rabin awon.

Ba tururi ya nema ba. A ƙasan tudu akwai wata fadama shimfiɗaɗɗiya, ƙasa baƙa, wadda a farkon zuwansu tafki ke rufewa duk shekara. Tun da aka shiga shekarun fari ruwa ya daina kaiwa can. Akwai wani kututturen giginya a bakinta, fiye da shekara goma baƙin ruwa bai taɓa shi ba. Yusha'u ya ga in ya sauko da albasa can, ya haƙa hanyar ruwa mai zurfi daga tafki zuwa tsakiyar fadamar, ruwa zai biyo da ƙafarsa, inji ba zai yi aikin komai ba sai ɗan ɗagawa. Man da ke ƙarewa a yini sai ya kai mako. Kuma tunda fili ya samu, ƙasa ga ta da yawa, zai shuka ninkin abin da ya saba, ya tara abin da ko mai ya kai sama ba zai girgiza shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji shi. Wannan karin magana ya faɗe ta a shekarar har Delu ta gaji da ji.

Ninkin shuka kuwa ninkin iri yake so. Ana cikin haka aka sa ranar Rahila da Isa, wani mai jirgin fito na Warra. Aka yi biki bayan an murje iri. Ranar da za a kai amarya, ta shigo wurin ubanta da lulluɓi, ta durƙusa, ta ajiye goran kakarta a gabansa. Iri yana nan cikin tukunya a bayansa, hannu kawai zai miƙa. Ya dubi goran, ya ga ba wani girma gare shi ba. Amma lissafi ya riga ya zauna, kowane fangali da rabonsa.

“Ɗiyata, ki yi mini haƙuri bana. Baɗi in Allah ya kai mu, ba gora ba, ƙwarya ni ka cika miki.”

Rahila ba ta ɗago ba. Ta ce, “To, Baba.” Ta ɗauki abinta ta sa a cikin zane. Delu da ke bakin ƙofa ta juya ta fita, don ranar ba ranar faɗa ba ce. Haka aka sa yarinya a jirgi da gora wayam, ita ce ta farko a gidan da ta tafi haka.

Daminar 1994 ta zo da ruwa irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Mai kuma ya yi ɓatan dabo na wani lokaci, da ya dawo ya dawo da sabon farashi mai firgitarwa. Manoman da suka ce zai sauka suka yi tsuru-tsuru. Yusha'u bai yi musu dariya ba, amma tafiyarsa ta canza. Ya kira gayya, ya yanka akuya, aka dafa tuwo, maza suka shiga laka da magirbi da shebur. Hanyar ruwa ta fito santal, ruwa ya biyo ta har tsakiyar fadama ya tsaya kamar an kira shi. Ya sayar da ragowar albasar rumbu ga fatake, ya bar uwaye zaɓaɓɓu. Ya binne uwayen a fadama, ya dasa renon da ya yi da irin da ya murje bana gaba ɗaya a gefensu. Abin da Asibi ta ƙetaro da shi a ƙugu, kaf ɗinsa ya koma wuri guda.

Delu ta bi shi fadama wata safiya. Ta tsaya ta dubi tafki, ta dubi kututturen giginya.

“Baban Rahila, hwarin ruwan bana ya cika wuri. In baƙin ya zaka, ina shi ka zama?”

“Inda ya saba zama.”

“Ka bar mini uwaye kaɗan can bisa. Hwangali ko biyu. Ba sai ka ɓata mai ba, ni ka ba su ruwa da ƙwarya.”

Da ta ce wani abu daban, ƙila da ya saurara. Kalmar ƙwarya ce ta taɓa shi inda yake da ƙaiƙayi.

“Ƙwarya? Ina raye? To don mi nis sawo inji? Mutane su ce mai ya yi tsada Yusha'u ya mai da matatai jaka?”

“Wuyana na, ba naka ba.”

“Na rantse, kuma ba ni warwarewa.”

Ta juya ta hau tudu. Ya bi ta da kallo tana dafa ƙugu, ya ji a ransa cewa ya yi mata gata.

Albasa ta yi kyau a fadamar nan, kyau na ban tsoro. Lawashi ya yi kore shar, uwaye suka fara fitar da kara. Inji ya koma ɗan hutu, jarka guda ta daɗe har Yusha'u ya daina girgiza ta. Maƙwabtan da ke fama da dogon tiyo a kan tudu sukan leƙo su girgiza kai su ce mutumin nan kansa yana ja.

Da sanyi ya kankama baƙin ruwa ya iso. Bai zo da gudu ba. Yau ka kafa tsinke a bakinsa, gobe ka ga tsinken a tsaye cikin ruwa. Ya kai kututturen giginya, ya zagaye shi, ya wuce. Ranar da ya taɓa fangalin farko Delu ta ce a tumɓuke abin da za a iya a mayar tudu tun saiwa tana da rai. Yusha'u ya ce uwar albasa mai kara in aka ɗaga ta an ɓata irin, kuma ina dalili? Baƙo ne. Shi ɗan gungu ne, a kan ruwan nan ya girma, ya san halinsa. Gaisawa zai yi ya wuce.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, wancan baƙon na kogi ne mai buɗaɗɗiyar hanya. Wannan ya zo ya tarar da tafki cike, ga ƙofa a gaba. Masu kula da madatsa kuwa ba laifi suka yi ba, aikinsu ke nan su tara ruwa lokacin da ya samu, don a sami abin juya injin wuta har ƙarshen rani. Yadda Yusha'u ke tattalin jarkarsa, haka su ma suke tattalin tasu, sai dai tasu jarkar a bakinta ya yi shuka. Wutar ma ba ta taɓa biyowa ta Tungar Faru ba, amma ita ke faɗa wa ruwan ƙofar gidansu yaushe zai tafi.

Ya tayar da ganuwar ƙasa ya kewaye fangullan. Ruwa bai damu da ganuwa ba, don yana da hanya tasa ta kansa wadda aka yanka masa akuya aka haƙa masa, ya biyo ta ya ɓullo a tsakiya. Ya toshe hanyar, ruwa ya tsattsafo ta ƙasa. Ya juya inji yana kwashewa yana zubarwa waje, man da ya yi tattali duk ya ƙone a wannan aiki. Kullum yana cewa gobe zai ja baya. Sai da lawashi ya koma rawaya ya kwanta sannan ya ce a tumɓuke. Shi da Delu da maƙwabta suka shiga ruwa har gwiwa cikin sanyi. Duk wadda aka ciro sai ta narke a hannu, wari ya tashi. 'Yan waɗanda suka ga kamar da sauran rai suka kai tudu suka dasa. Delu ta sauko da ƙwaryarta daga kan rumfa ba ta tambayi kowa ba, shi ma bai hana ta ba. Ta yi ta hawa da sauka. Ko ɗaya ba ta tashi ba. Baƙin ruwa kuwa bai bar fadamar ba sai da zafi ya shigo.

Asarar amfanin shekara ba ita ta karya shi ba. Manomi ya saba, kuma Philip ya kawo ɗan taimakon da ya kawo ba tare da tsokana ko ɗaya ba, wanda hakan ya fi tsokanar ciwo. Irin ne. Yusha'u ya ɗauki sanda ya shiga tungaye, yau jirgi gobe ƙafa, har ɓangaren Shanga, yana tambayar wanda ke da sauran albasar gungu. Wasu suka nuna masa tasu, ya ɗauka ya duba wuya ya shinshina ya ajiye, ta riga ta gauraya da ta kasuwa. A ƙarshe aka kwatanta masa gidan Uwani, ƙawar uwarsa tun gungu. Ya same ta a kan tabarma, ido ya yi rauni amma baki da sauransa. Ta gane muryarsa. Ta bari ya gama bayani.

“Yusha'u, sau biyu ina aika jikata ƙohwarka da tsumma. Mi kac ce mata?”

Ya sunkuyar da kai. “Na ce baɗi, Inna.”

“To ga baɗin ta zaka.” Sannan muryarta ta sauka. “Da ina da shi da na ba ka, ko don Asibi. Babu, ɗana. Wurinka ɗai yas saura.”

Ya dawo gida bai ci abinci ba. Ba ruwan ya tsaya masa a rai ba, ba kuma tsadar mai ba. Ɗan goran nan ne. Da ya miƙa hannu ranar nan ya cika shi, da yanzu albasar uwarsa tana tsaye a Warra, da sai ya shiga jirgin surukinsa ya je ya roƙi 'yarsa, ta yi masa dariya ta ƙulla masa. Abin da zai cika goran bai kai tafin hannu biyu ba.

Da lokacin murzar iri ya zagayo aka aiko cewa Rahila tana tafe ganin gida. Ya san da abin da za ta zo. Ya shirya ya tafi kasuwar Yelwa, ya sayi irin da 'yan Aliero ke kawowa, ya dawo ya gauraya shi da toka ya zuba a tukunyar uwarsa. Rahila ta iso da goyo a baya. Ta yi masa jaje, aka yi hira, aka ga jika. Da za ta koma ta durƙusa ta fito da goran, tana kallon ƙasa, kamar mai jin kunyar tambaya.

“Baba, na san abin da yaf faru. In babu ba komi.”

Nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya, ta ma buɗe masa ƙofa. Amma ya ce mata baɗi sau ɗaya, bakinsa ya kasa ce mata babu.

“Na tsirar da kaɗan,” in ji shi.

Ya cika goran har wuya, ya toshe da totuwa ya miƙa mata. Delu ta juya ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Yusha'u ya koma tudu da dogon tiyonsa da irin kasuwa kamar kowa. Mai ya ci gaba da hawa kamar yadda ya faɗa. Ya rage gona, ya rage magana. Abin da bai taɓa yi ba a da, yanzu duk wanda ya zo neman iri sai ya ƙulla masa, amma iri ne da kowa ke da shi, ba mai tahowa daga nesa dominsa. Hanyar ruwan da ya haƙa tana nan, yara suna kama tarwaɗa a ciki.

Da rani ya zagayo jirgin Isa ya tsaya a bakin tunga, aka sauko da kwando an rufe shi da ganye. Yusha'u ya buɗe. Albasa ce manya-manya, fatarta ja mai haske, wuyanta kauri. Kyakkyawa ce, ba laifi, irin wadda ke cike da kasuwa. Ya riƙe guda a hannu ya kasa ajiyewa. Ya yi ta gaya wa kansa cewa yarinya ce, ƙila ba ta lura ba, ƙila ta ɗauka ƙasar Warra ce ta canza ta. Yarinyar da ta girma a ɗakin Asibi, wadda tun ba ta iya ɗaura zane ba take taya ta zaɓen uwaye.

Isa ya gaishe shi ya ce akwai saƙo.

“Ta ce in gaishe ka, Baba. Ta ce ga albasar Kaka nan, ta yi kyau bana.” Ya ɗan tsaya yana tuno sauran. “Ta ce kuma a ci da wuri, kada a kai ta damina.”

Delu ta dubi mijinta. Shi bai dubi kowa ba. Albasar Asibi ba a taɓa cewa a ci ta da wuri ba.

Tun daga wannan shekara kwandon bai taɓa fashin zuwa ba, saƙon ma bai canza ba. Rahila takan zo ganin gida, su zauna a gindin mangwaro ita da ubanta, su yi zancen ruwa da tsadar mai da lafiyar yara. Ba ta taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa mata ba. In kwando ya iso yakan ce wa Isa a yi mata godiya, Allah ya yi mata albarka. Sannan ya ɗauka da kansa ya kai wa Delu madafa, ya ce ta fara da waɗannan.